Sheƙar da Desmond Ya Kasa Rushewa

Akwai wata mata mai suna Noelene, can a ƙasarmu ta makiyaya tumaki a Ostireliya. Mijinta Warrick ya rasu ya bar ta a gonar da suka gada shi da wansa Desmond.

Shi Desmond so yake a sayar da gonar, amma ba ta sayuwa sai Noelene ta yarda. Ita kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za ta bar inda ta binne mijinta ba. Kullum sai ya zo da sabon zance: yau fari na tafe, gobe mace ita kaɗai ba ta iya riƙe garke.

A rumfar askin tumakinsu akwai 'yar tsuntsuwar nan baƙa mai farin ƙirji, wadda jelarta ba ta hutawa. Wuni take a bayan tumaki tana cafke ƙudaje. Ba ta kai tafin hannu ba, amma ko mikiya ce ta gifta kusa da sheƙarta sai ta bi ta da sara.

Ranar da maƙwabta suka taru gyaran shinge, tsuntsuwar ta sari Desmond a tsakiyar sanƙo. Aka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya ɗauki tsintsiya mai dogon hannu ya kakkaɓo sheƙar daga kan azara.

"Ke da abin nan halinku ɗaya, taurin kai ba ƙarfi," ya ce wa Noelene. "Ranar da ta ƙyanƙyashe a rumfar nan, na bar maganar sayarwa har abada."

Noelene ta ce, "Yaya, kowa dai ya ji ka."

Abin ya yi mata ciwo, har ta yi kuka a bayan rumfa. Amma da safe sai ta ga tsuntsuwar tana tsince ciyawar da aka watsar, tana sake ɗaure ta da saƙar gizo-gizo. Daga ranar Noelene ta daina share yanar rumfar.

Desmond ya sake rushewa. Bayan haka ya duba azara ya duba taga, bai ga komai ba, ya shiga gari yana baza labarin ya yi nasara.

Wuri ɗaya ne bai duba ba. A ƙasarmu, idan makiyayi ya rasu, wasu kan bar hularsa a ƙusar da ya saba rataye ta. Desmond da kansa ya hana kowa taɓa malafar Warrick da ke rataye a kusurwar rumfar, shi ma ba ya iya ɗaga ido ya dube ta.

Ranar aski, rumfa cike da mutane, aka ji 'yan tsaki suna tsuwwa. Desmond ya zabura da tsintsiyarsa, ya bi kukan har kusurwa. Ga sheƙa nan a gefen malafar ƙaninsa, ga bakuna a buɗe, uwar tana zagaye kansa tana masifa.

Hannunsa ya tsaya a sama.

Noelene ta matso ta ce, "Bismillah, Yaya, ka buga mana."

Ya daɗe yana kallon malafar, idonsa ya cika da hawaye. Sannan ya jingine tsintsiyar, ya tambaye ta wane garke za a fara shigowa da shi.

Darasi: Kada ka auna mai gaskiya da girman jikinsa, kuma idan an rushe maka, tsince abin da ya rage ka sake ginawa. Tura wannan ga wanda ake so a kora daga inda yake da haƙƙi.