Misalin Mutumin da Ya Cika wa Tsohon Jirgi Wuta

Akwai wani mutum mai suna Filimon, wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. In ana addu'a, shi ne yake cewa amin tun mai addu'a bai kai ƙarshe ba.

A garinsu akwai wani tsohon kan jirgin ƙasa, irin mai cin kwal yana tafiya da tururi. An yar da shi bayan tasha har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa. Sai waɗansu mutane suka haɗa kai don su tashe shi, ba mai biyansu. Kowace Asabar suna kankare tsatsa, suna shafa mai. Filimon yana cikinsu, gama mahaifinsa ya tuƙa irin wannan jirgi a zamanin ƙuruciyarsa. Yanzu tsohon ya makance, ƙarfinsa yana ƙarewa, ba abin da yake roƙo sai ya sake jin kukan jirgin da kunnensa.

Da aiki ya kammala, Filimon ya kasa haƙuri. Ya ɗauko tsohon daga ƙauye, ya zaunar da shi a inuwa kusa da layin dogo, ya ce yau ɗin nan za a tashi jirgi.

Shugaban aikin, Malam Tanimu, ya ce masa, "Ɗan'uwa, tukunyar jirgin nan ta daɗe da sanyi. Da ƙirare ake fara mata, ƙarfe ya sha ɗumi a hankali har gobe, sa'an nan a zuba kwal."

Suka hura 'yar wuta, suka tafi cin abinci. Filimon ya zauna, ya tashi, ya leƙa wutar, ya dubi mahaifinsa, ya sake leƙawa. Ya ga wutar nan ko shayi ba za ta dafa ba. Sai ya ɗauki shebur ya yi ta zuba kwal har murhun ya yi ja wur. Ƙarfe mai sanyi kuwa bai iya ɗaukar zafin ba. Aka ji ƙara, bututu ya tsage, ruwa ya kwararo ya kashe wutar. Malam Tanimu ya zo a guje, ya duba ɓarnar, ya ce gyaran nan sai baɗi.

Filimon ya durƙusa gaban mahaifinsa yana kuka. Tsohon ya laluba kan ɗansa, ya ce, "Ɗana, gobe kam da na iya jira. Baɗi ne ban sani ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, tukunyar nan zuciyar mutum ce wanda ya daɗe nesa da Ubangiji. Wutar kuwa himmarmu ce. Ku lura, Filimon ba mugu ba ne. Ƙaunar mahaifinsa ce ta sa shi ɗaukar shebur.

Ke mama, ɗanki ya daɗe bai taka ƙofar majami'a ba. Ran Lahadi ya zo, ya raɓe a bencin baya. Kafin a tashi sujada kin riga kin yi wa Fasto raɗa, kin sa shi cikin ƙungiyar mawaƙa, a hanyar gida kuma kin lissafa masa zunubansa kaf. Lahadi ta zagayo, bencin ba kowa. Na ga haka sau da yawa, abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

In Allah ya sa ya sake zuwa, ki gaishe shi, ki zuba masa tuwo, ki kama bakinki. Mai aiki a zuciyarsa ba ke ba ce.