Kallon Ƙwallo a Tsohon Siton Auduga

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ku saurara har ƙarshe, don hukuncinta a bakinku yake.

A garin Kwarin Rimi akwai wani dattijo, Malam Jatau, wanda tsofaffin gari ba sa kiransa da wani suna sai Ƙyaure. Ya samo sunan ne tun zamanin da gidan gurzar auduga ke aiki, lokacin da ma'aikata ke da ƙungiyar ƙwallonsu, shi kuma yake tsaron raga. A wancan zamani, ranar wasa ko mai shayi rufe teburinsa yake yi. Da an busa jiniyar tashi daga aiki, sai ka ga mutane sun nufi filin bayan sito, wasu da auduga maƙale a gashin kai, masu gyaɗa da rake sun jeru a bakin layi. Wasan manyan birane kuwa a rediyo ake jin sa. A kewaye akwati ɗaya a ƙofar gidan sarkin tasha, kowa ya zana filin a cikin kansa, in batir ya yi sanyi a cire shi a shanya a rana.

Duk wannan ya wuce. Gidan gurza ya rufe, rabin filin ya koma gonar masara, abokan wasa sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage wa Malam Jatau na ƙwallo shi ne jikansa Nazifi, ɗan babban ɗansa da ya rasu. A hannunsa yaron ya tashi, a tsakar gidansa ya koyi kama ƙwallo, tsakanin turmi da randa. Da ya girma, ƙwallo ta kai shi Kano, daga can ta ɗaga shi zuwa wata ƙaramar ƙasa mai sanyi a Turai, inda ya daɗe yana zaman benci a wata ƙungiya ta rukuni na biyu.

A shekarar da ake wannan labari, idanun Malam Jatau sun fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Likita ya faɗa masa gaskiya, cewa ciwon ba ya komawa baya. Yana cikin wannan hali Nazifi ya bugo waya.

“Tsoho, ranar Asabar ni zan tsare raga. Babban golanmu ya ji ciwo.”

“Kai, Malam Kwando? Lallai mutanen nan sun gaji da maki.”

“Ai ka kalla ka ga yadda ake yi, ba irin naku na tsalle a cikin ƙura ba.”

Suka yi dariya, aka kashe waya. Dattijo ya daɗe zaune da wayar a hannu. Bai taɓa ganin jikansa a babban fili ba, kuma ya san in bai gan shi wannan karon ba, ba lallai idon ya jira wani karon ba. Ya aika gidan kallo a tambayo, mai gidan ya ce tashoshinsa na manyan gasanni ne, wannan ƙasar ma bai taɓa jin sunanta ba. Sai Malam Jatau ya tara 'ya'yansa uku da suka rage, ya ce musu, “Ban taɓa roƙonku komai ba. Ina so in ga yaron nan da idona.”

Babbansu Ɗayyabu ma'aikacin ofis ne a Kaduna, mutum mai bin abu daki-daki. Shi ya ɗauki neman inda za a nuna wasan. Abokan aikinsa suka yi ta turo masa hanyoyin kallo na kyauta, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta buɗe da tallan caca, wata da hotunan da ba za ka so mahaifinka ya gani ba ko da ido ɗaya, wata kuma ana cikin kallo sai ta ɗauke gaba ɗaya. Ya watsar da su. Ya yi ta bincike a shafukan da ba ya jin harshensu, yana fassarawa layi-layi, har ya gano cewa hukumar gasar da kanta tana da manhaja, kuma ba dole sai mutum ya biya na shekara ba, ana sayen wasa ɗaya tak da kuɗi kaɗan. Katin bankinsa ya ƙi shiga. Ya bi ta banki, ya bi ta wani tsohon abokin karatunsa da ke zaune a waje, har aka dace. Sannan ya zauna ya gwada kowane matakin hasken hoto, ya zaɓi na tsakiya, wanda ba zai shanye data ba kuma ba zai mayar da 'yan wasa inuwa ba. Ya sayi datar da za ta kai wasa ɗaya daidai, ba ƙari.

Na biyu, Sagir, mai haɗa sola ne a gari, mai fara'a, wanda bai iya cewa a'a ba. Shi ya san cewa sabis a Kwarin Rimi sai an yi farautarsa. A gidan mahaifinsu saƙon murya ma sai an ɗora waya a kan katanga. Sagir ya hau babur da waya a ɗaure a kan gora, ya zaga kasuwa, ya zaga tasha, ya hau rufin makarantar firamare, mutane na tambayarsa ko lafiya. Inda ya samu sabis mai ƙarfi ba ya rawa shi ne tsohon siton auduga, saboda yana kan tudu, yana kallon dogon ƙarfen sadarwa na bakin titi. Sagir ya nemi izinin mai gadi, ya kori jemagu, ya share kashin awaki, ya toshe ramukan kwano don wuri ya yi duhu. Ya ciro batiran shagonsa ya jera, alhali ranar kasuwa ce, masu cajin waya na jiransa. Ranar wasa kuma, da yake mota ba ta hawa tudun, shi ya goyo mahaifinsa daga bakin hanya har cikin sito.

Ta uku, Uwani, ita ce auta, malamar makarantar sakandare. Ita ke raka mahaifinsu asibiti, don haka ita kaɗai ta san iyakar abin da idon nan ke gani. Ta ce wa yayyenta, “Ku da kuke ta murna, in kun miƙa wa Baba waya, me zai gani? Ko fuskata sai na matso yake gane ni.” Ta je wurin shugaban makarantarsu ta aro majigin da ake koyarwa da shi, ta sa hannu cewa in ya lalace a wuyanta. Ta ɗinke fararen zannuwan gado, ta kafe su a bangon sito. Tun ana gobe wasa ta zaunar da dattijon a tsakar gida tana matsar da kujerarsa gaba da baya, har ta gano nisan da yake iya bambance mutum da mutum. Ta kuma tambayo Nazifi launin rigar da zai sa, ya ce ruwan lemo.

Ranar Asabar bayan azahar, labari ya riga ya cika gari. Sito ya cika da mutane, ga matasa, ga tsofaffin ma'aikatan gurza da sandunansu, har da Malam Tanko, wanda ke buga lamba tara a zamaninsu. Da hoto ya bayyana a jikin bango, kowa ya zuba masa ido. Malam Jatau ya tuna majigin da ake kawowa gari suna yara, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Ya shaƙi iskar siton, har yanzu da sauran warin angurya. Sai ga wani dogo cikin ruwan lemo ya fito yana tafa hannuwa.

“Shi ne?” in ji dattijon.

“Shi ne, Baba,” in ji Uwani.

“Ya yi ƙiba. Me suke ba shi a can?”

Aka yi rabin farko ba ci. Aka fita aka yi la'asar a gefen masara, a daidai inda tsohuwar raga take a da. A nan ne Malam Tanko ya ja Sagir gefe. A wayar Sagir aka loda datar da Ɗayyabu ya saya, ita ke raba wa kwamfutar da aka jona da majigi, shi kuma Malam Tanko yana so ya aika wa ɗansa hoton taron. Ya za ka hana abokin mahaifinka, mutumin da ya halarci sunanka? Sagir ya sa masa lambar sirrin. Malam Tanko bai ga dalilin rowa ba, ya karanta wa na kusa da shi, na kusa ya faɗa wa na bayansa. Kafin a koma wasa, rabin sito na shan datar da aka auna wa mutum ɗaya.

Ana dab da tashi, alƙalin wasa ya busa, ya nuna farin ɗigon da ke gaban raga. Fanareti a kan su Nazifi. Malam Jatau ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi ba tare da an kama shi ba. Mai bugu ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Sai hoton ya tsaya cik, wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa a tsakiyar zanin gado.

“Me ya faru? Idona ne?”

Ɗayyabu ya duba, ya ce data ta ƙare, ya juya ya kalli ƙaninsa. Sagir ya sunkuyar da kai.

Uwani ba ta tsaya neman mai laifi ba. Ta san matasan nan kowa na da manhajar da ke kawo sakamako, kuma yanzun nan wani zai yi ihu ko salati, dattijo ya ji da kunne abin da ya zo gani da ido. Ta fizgi kwanon da aka kawo zoɓo a ciki, ta juye sauran ƙanƙarar, ta bi layi.

“Kowa ya jefo wayarsa nan. Har kai, Baba Tanko. Wanda ya buɗe baki, wallahi ni da shi ne.”

“'Yar nan, ni za ki yi wa horon 'yan makaranta?”

“In an tashi ka zane ni, Baba. Kawo.”

Wayoyi suka taru a kwano. Tana rufewa da mayafinta, wayar da ke sama ta yi haske, idonta ya faɗa kan saƙon. Ta san abin da ya faru. Ba ta yi murmushi ba, ba ta ɓata rai ba. Ta ciro tata wayar, wadda ke ɗauke da datar da ta tanada don jarrabawar ƙarin girma da za ta rubuta ta intanet, ta miƙa wa Sagir. Sagir ya fita da gudu ya ɗaure ta a kan gorarsa, a kusurwar da ya san sabis ya fi zama. Hoto ya dawo, amma wasa ya riga ya yi gaba. Sai Ɗayyabu ya tare hasken majigi da tafin hannunsa don kada a ga sakamako, ya ja wasan baya zuwa inda ya tsaya, abin da hanyoyin kyauta ba sa bari a yi.

Malam Jatau ya juyo wajen 'yarsa. “Uwani, an riga an buga, ko?”

“Baba, kalli bango.”

Ya kalla. Mai bugu ya taho. Dattijo ya ɗaga murya kamar yaron na jin sa: “Ƙafar da ya dasa! Dubi ƙafar, kar ka dubi idonsa!” Ruwan lemo ya tashi sama ta hannun dama, ya miƙe, ƙwallo ta bugi hannu ta fita waje.

Siton da ya yi shekara da shekaru ba a ji motsi a cikinsa ba ya ɗauki ihu. Malam Tanko ya jefar da sandarsa yana kiran “Ƙyaure! Ƙyaure!” ba a san kakan yake nufi ko jikan ba. Malam Jatau ya koma ya zauna a hankali, hawaye na zuba daga idon da ke gani da wanda ba ya gani. Aka tashi wasa ba wanda ya ci wani.

Kafin kaka ta zagayo, idon dama ya bi ɗan'uwansa. Bayan nan ne wani matafiyi ya kawo ƙunshi daga Nazifi. Safar hannun da ya kama bugun nan da ita ce. Da dattijon ya kira shi, sai Nazifi ya ce, “Tsoho, na san ba ka san amfaninta ba, ku da hannu tsirara kuka yi naku. Ka ba wanda ya sa ka gan ni, cikin baffannina da gwaggona.”

Malam Jatau ya zura hannuwansa a ciki, ya shafa tafin, ya shinshina. Ya ce safa biyu ce, 'ya'ya uku, kuma mai tsaron raga ba ya raba dama da hagu. Mutum ɗaya za a ba. Yana zaune a zaure yana juya maganar, duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya kawo tasa. Wasu suka ce Ɗayyabu, don ba domin shi ba, ba wasan da za a kalla, kuma ba a isa a ja shi baya ba. Sai a ce musu ai ƙwauronsa ne ya sa bai bar rarar data ba. Wasu suka ce Sagir, don wasan da ba sabis ba wuta a cikin kwamfuta zai mutu, kuma shi ya goyo uba a bayansa. Sai a tuna musu wa ya ba da lambar sirri. Wasu suka ce Uwani, don ita ta mayar da hoto daidai idon mahaifinta, ta ba da datarta, ta riƙe fuskarta. Sai a ce amma uba ya yi mata tambaya ta kauce, ta bar shi yana yi wa abin da ya riga ya wuce ihu.

Har yau safar na kan cinyar dattijon, bai miƙa wa kowa ba.

To, jama'a, in ku ne Malam Jatau, a hannun wa za ku sa ta: Ɗayyabu, Sagir, ko Uwani?