Garwashin da Ya Dawo Gida

Akwai wani mutum, maigida ne a wani ƙauye, a zamanin da ba a san ashana ba. A wancan lokaci, in wutar gidanka ta mutu, sai ka ɗauki tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ka shiga maƙwabta ka ɗebo garwashi. Ba a sayarwa, ba a kuma hanawa. Shi ya sa har yau in baƙo ya ƙi zama mukan ce masa, kai kuwa kamar wanda ya zo ɗibar wuta?

Gidan mutumin nan babba ne, da 'ya'ya da surukai da jikoki, wutarsa kuwa ba ta mutuwa. Yana da gungumen ƙirya a ƙarƙashin wata rumfa a tsakar gida. Kowace yamma shi da kansa yake rufe bakin gungumen da toka, da safe ya tone, ya hura, sai ga shi ja wur. Kafin wannan gungume ya cinye, ya riga ya kawo wani ya jingina masa. Saboda haka gari na wayewa matan ƙauyen suke shigowa, kowace da tsingaronta, su gaisa, su ɗiba, su tafi. Kafin hantsi hayaƙi ya tashi gida-gida, duk kuwa daga murhu ɗaya ne.

A can bakin gari akwai wata gwauruwa, baƙuwa ce a ƙasar, ba harshensu ɗaya ba, ba ta kuma da kowa a wurin. Hannunta yana rawa saboda tsufa. Wata rana da rani ta ɗebi wuta tana fita, iska ta taso, garwashi ɗaya ya faɗi a gindin darni. Ba ta gani ba, ta yi tafiyarta da sauran garwashin. Kafin a kashe wutar, darnin ya ƙone, har da harawar da maigida ya tara wa dabbobinsa.

Ran maigida ya ɓaci ƙwarai. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya ya ce, "Daga yau wutar gidan nan ta mutanen gidan nan ce. Kowa ya nemi tasa."

Uwargida ta ce, "Maigida, ai mutum ɗaya ce ta yi kuskure."

Ya ce, "Wake ɗaya ke ɓata gari."

Sai ya kira masassaƙi ya yi wa zauren ƙyaure mai kauri, aka riƙa rufewa.

Kada ku ce mugun mutum ne, gama ba mugu ba ne. A cikin gidansa ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. In wani ya kwanta ciwo, shi ne na fari a bakin ɗakin. Kowace safiya yakan tabbata an kai wuta kowane murhu na gidan, har na wata tsohuwar gidan da ba ta iya tashi. Tsakar gida ta zauna tsaf, ba mai tattake ta da sassafe, ya ce a ransa ya huta. Maƙwabta kuwa suka koma wa ƙyastu, su buga ƙarfe a kan dutse bisa 'yar auduga, ranar da ta kama su dafa, ranar da ta ƙi su sha gari da ruwa. Sannu a hankali ciyawa ta rufe hanyar da ƙafafu suka bi zuwa ƙofarsa.

Damina ta yi nisa, marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana. Ana cikin haka matar ɗansa ta haihu kafin lokacinta, aka sami bakwaini, ɗan mitsitsi. Da gari ya waye maigida ya fito domin ya hura wuta, sai ya tarar rumfar ta faɗi, ruwa ya cika murhu. Ya tona toka da hannunsa, bai sami kome ba sai laka. Ya shiga ɗaki-ɗaki, kowane murhu ya yi sanyi, gama kowa ya dogara ga gungumen. Ya ɗauko ƙyastu ya yi ta bugawa har yatsunsa suka fashe, amma audugar ta sha danshi.

Ungozoma ta leƙo ta ce, "Maigida, jikin yaron nan yana sanyi, mai jego ma tana rawar ɗari. In ba a sami wuta ba, ba na jin zai kai yamma."

Sai mutumin nan, wanda bai taɓa riƙe tsingaro ba tun da aka haife shi, ya sunkuya ya ɗauki guda, ya buɗe ƙyauren ya fita cikin ruwa. Ya yi sallama a gida na fari, aka nuna masa murhu ba ko ɗumi. Ya shiga na biyu, haka. Ba wanda ya yi masa gori, ba wanda ya tuna masa maganarsa, su ma yaransu suna ƙudundune cikin sanyi. A dā, da tasa ta mutu, da ya same ta a kowane gida da ya shiga, gama kullum safiya ana ɗaukarta. Yanzu kuwa ya zaga ƙauyen duka hannunsa wofi.

Da ya kai bakin gari, sai ya hangi siririn hayaƙi yana fita ta jinkar wata bukka. Ya san bukkar. Ya daɗe a tsaye ruwa yana dukansa, kunya ta riƙe masa ƙafa, amma da ya tuna da jaririn sai ya matsa ya yi sallama.

Ya ce, "Iya, wuta na zo nema."

Gwauruwar ta ce, "Shigo daga ruwa, Maigida."

A ciki ya ga ɗan murhu an ɗaga shi bisa duwatsu, da totuwar masara da busasshen kashin shanu an soke su a jikin jinka inda ruwa ba ya kaiwa. Ya ce, "Ina kika samo wuta cikin wannan marka?"

Ta ce, "Taka ce. Ita ce wadda na ɗebo ranar da darninka ya ƙone. Tun daga ranar ban bar ta ta mutu ba, gama na san in ta mutu ba ni da ƙofar da zan je."

Maigida ya rufe fuskarsa ya yi kuka. Ita kuwa ta sunkuya bakin murhu. Ta cika masa tsingaron da garwashi, ta ƙulle totuwa a bakin zanenta, ta ɗauki faifai. Shi yana riƙe da wuta, ita tana kare ta da faifai, haka suka ratsa ƙauyen tare har gidansa.

Totuwar ta kama, amma ba za ta daɗe ba, itacen gidan kuwa duk ya jiƙe. Maigida ya duba ko'ina, bai ga busasshen itace ba sai guda ɗaya. Ya ɗauki gatari ya cire ƙyauren zaure, ya faskara shi, ya sa a wuta. Ruwa ya tafasa, ɗaki ya yi ɗumi, can sai aka ji kukan jariri. Sa'an nan maigida ya aika gida-gida a ce kowa ya zo da tsingaronsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan nan ikkilisiya ce, wutar kuwa ƙaunar Almasihu ce, wadda ba mu muka kunna ta ba, ba mu kuma saye ta ba. Daidai ne mu kula da na cikin gida. Zumuntar mata tana gaida marasa lafiya, matasa suna yi wa gwauraye gayya a gona, muna ɗaukar nauyin marayunmu. Allah ya ƙara mana himma a kan haka. Amma maigidan nan ma ya yi duk wannan, bai kuwa ishe shi ba.

Ƙyauren shi ne shawarar da mukan yanke bayan an ɓata mana rai. Wani daga waje ya karya mana famfon rijiya, sai mu sa kwaɗo mu ce ruwan na 'yan ikkilisiya ne. Wani da muka taimaka ya zage mu, sai mu ce mun daina. Hasarar gaskiya ce, darnin ya ƙone da gaske, ban ce bai ƙone ba. Amma abin yana ba ni baƙin ciki, 'yan'uwa, in na ga saboda mutum ɗaya mun bar unguwa duka cikin sanyi, muna kuma kiran wannan hikima.

Ba domin a rama mana muke bayarwa ba. Muna bayarwa ne domin Ubangiji bai rufe mana ƙofa ba sa'ad da muke baƙi a gare shi. Duk da haka ku sani, marka tana zuwa wa kowane gida, har da gidan Allah, ranar da zukatanmu za su yi sanyi, addu'armu ta ƙi kamawa. A ranar nan wutar da muka ɓoye ba za ta cece mu ba, sai wadda muka bari aka fita da ita.

Saboda haka kowa ya koma ya duba ƙofarsa. Wataƙila akwai wata a bakin garinmu da take ta lallaɓa ɗan garwashin da ta samu a wurinmu tun dā, domin ta san in ya mutu ba ta da inda za ta je. Kada mu jira sai jariri ya yi sanyi kafin mu cire ƙyauren.