Haushin Duna a Ƙofar Fada

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana auna nisan gari da tafiyar jaki, an yi wani sarki mai suna Jatau. Allah ya ba shi ɗa namiji guda, Ciroma Tanimu, saurayi mai son farauta, ya kuma karɓi abinsa wata damina da zazzaɓi. Ciroma ya bar wani ɗan kare baƙi mai rawar kai, ana kiransa Duna, wanda kullum da hantsi yakan fita da shi bayan ganuwa su sha gudu.

Da aka rufe Ciroma, sai aka ɗaure Duna a gindin tsamiyar ƙofar fada, shi kuwa ya kama haushi ba ji ba gani. Sarki ba ya iya jure muryarsa, don tana tuna masa da ɗansa. Bai kuma yarda a taɓa shi ba, don na ɗansa ne. Sai ya kafa doka: duk wanda aka ba kiwon karen, in haushi ya kai kunnen Sarki, a sa masa mari a jefa shi kurkuku. Aka ba wani bara mai suna Anaruwa, haushi ya kai kunnen Sarki, aka jefa shi kurkuku. Aka ba tsoho Na'Allah, wanda ya yi renon Ciroma. Haushi bai tsaya ba. Sarki ya ce wannan karon hauni za a kira, ya sare tsohon ranar Juma'a in an sauko daga masallaci.

Waziri Barau ya fito jiki a sanyaye. Ya zauna a inuwar katanga yana kallon karen, ko Allah zai buɗa masa wata hanya. Duna ya yi haushi. Nan da nan wani dogari ya daka masa tsawa, ya wurga masa tsokar nama daga nesa.

Waziri ya ce, "Gajere, me ya hana ka matsawa kusa?"

"Ranka ya daɗe, da rigar sallata? Ya lashe ni in shiga masallaci da me? Ai daga nan ma hannuna ba ya kuskure."

Ɗan'uwansa dogari ya ce, "Ƙarya kake! Jiya goshin mai kakaki ka samu."

Waziri bai yi dariya ba. Ya lura in karen ya kwanta shiru, ba mai ko kallonsa. In ya buɗe baki, nama da hayaniya su zo masa. Yana nan zaune aka zo aka raɗa masa cewa Anaruwa ya cika a kurkuku. Ya yi salati, ya miƙe, ya nufi gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, ina roƙon a bar mini karen, a kuma bar shi ya yi haushinsa har ya gaji. Tsoron dokarka ya sa ana biyansa da nama duk sa'ad da ya yi, shi ya sa ba ya bari."

Sarki ya ce, "Wane wawa ne zai ciyar da abin da yake so ya kashe?"

Waziri ya ce, "Mu ne, Zaki. Ka yi tsawa, muka miƙa maka Anaruwa don ka yi shiru. Ka sake yi, muka miƙa Na'Allah. Anaruwa ya rasu ɗazu, da mari a ƙafarsa."

Waziri yana kallon hannun Sarki a kan takobi. Can Sarki ya ce, "Zuwa Juma'a. In na ji shi ranar, hauni ya fara da kai."

Waziri ya hana jifa da nama, ya hana tsawa. In Duna ya yi haushi kowa ya ba shi baya. Abin ya ƙara muni. Karen ya yi ta yi har muryarsa ta dushe, fadawa suna kallon Waziri kamar gawa. Shi kuwa kullum da hantsi sai ya tuɓe babbar riga, ya kama igiya da hannunsa, ya fita bayan ganuwa, dattijo da furfura yana haki a bayan kare. In sun dawo Duna ya kwanta shiru, sai ya durƙusa ya ba shi nama, sa'an nan ya je ya wanke hannu, ya sake tufa, ya yi salla.

Ranar Juma'a aka sauko. Hauni yana tsaye, Na'Allah yana durƙushe cikin mari, Waziri a gefensa. Sarki ya iso ƙofar fada da jama'a. Duna ya zabura, ya yi haushi sau ɗaya. Hauni ya gyara tsayuwa. Waziri ya rufe ido yana kalmar shahada. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya jefa kome. Karen ya duba, ya duba, ya koma ya kwanta.

Sarki ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ku kwance tsohon nan. Na soke dokar."

Bai shiga gida ba. Da ƙafa ya taka har ƙofar Anaruwa, ya tsaya a rana, ya nemi gafara, ya ce marayun suna wuyansa har ya mutu. Matar mamacin ba ta fito ba. Daga bayan zana ta ce, "Na ji. Sauran kuma ku da shi ne a gaban Allah."

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne."

Daga ranar Duna ya koma hannun Na'Allah, ba ya haushi sai ga baƙuwar fuska. In kuwa fushi ya taso wa Sarki, fadawa sukan yi shiru har ya huce, ba a sake miƙa masa kowa ba. Allah ya jiƙan Anaruwa, mu kuma ya kiyashe mu da hukunci cikin fushi.