Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani ɗan ƙaramin gari da ba sai na kama sunansa ba. Na baya ku bar hirar nan ku matso, labarin ba shi da tsawo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya ba ni shi, kuma da shi aka ɗauki gawar mutumin.

Sunansa Lansana, amma ba mai kiransa haka, kowa Kofur yake cewa. Ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga can bakin teku ya fito, ƙasar da sai an yi kwana da kwanaki a hanya. Tsohon soja ne, cikin waɗanda aka kwasa zamanin Turawa aka kai yaƙi bayan teku. A can ya yi aboki, Barau, ɗan wannan garin. Barau bai dawo ba. Da aka sallami sojoji kowa ya nufi gidansu, shi Kofur ya ɗauki bargon Barau, ya yi ta tambaya har ya iso ƙofar uwar Barau, wata baiwar Allah da ake kira Inna Tabawa. Ya durƙusa ya ce, “Inna, ɗanki a hannuna ya cika. Ga bargonsa.” Ta karɓa, ta yi kukanta, ta ba shi ruwa ya sha. Ya ce kwana uku zai yi ya wuce. Kwana ukun nan, jama'a, shekara talatin da ɗaya ta zama.

Maigari ya ara masa wuri a bakin kasuwa. Ku riƙe wannan, aro ne. Ya kafa ɗan shagon langa-langa yana sayar da kifi. Ɗanye, mota ke kawo masa daga kogi, tafiyar rabin yini. Sai banda, sai kuma busasshen jatan lande da ake aiko masa daga ƙasarsu. Farkon zuwansa mata dariya suke yi, suna cewa baƙon nan farar ruwa yake sayarwa. Da suka daka suka zuba a miyar kuka, dariyar ta ƙare.

Daro biyu gare shi a shagon, na yau da na jiya. Ka miƙa hannu ga na jiya, kafin ka taɓa zai ce maka da Hausarsa ta bariki, “Wannan ya kwana. In za ka dafa yanzu, ɗauka. In sai dare ne, bar shi.” Ku masu sana'a da ke zaune a nan, kun ji ko? Shi mai kayan ne ke faɗin aibin kayansa. Kuma kullum ta Allah, kifin farko da ya fito daga kwando gidan Inna Tabawa yake zuwa.

Haka aka yi shekara ashirin. To ku saurara, ga inda jarrabawar ta zo.

Aka yi wa Maigari jika namiji, bayan an daɗe ana jira. Ya aika ƙauyuka bakwai, ya ce ranar suna ban da rago, kowa sai ya ci kifi ya bari. Ya sa Kofur ya kawo kwando uku. Ranar suna da hantsi mota ta iso. Mata sun hura wuta, mai yana kan murhu, baƙi sun cika ƙofar gida. Kofur ya buɗe kwando. Kifi mai kyau, jama'a, sai sheƙi yake yi. Amma Kofur ya tsaya. Ya ga ƙudan kasuwa sun cika daron jiya, ko ɗaya bai sauka a kan sabon ba. Ya juya kifin, babu shaidar ƙugiya, babu shaidar koma, ga manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe. Ya buɗe kan ɗaya ya sansana. Nan ya gane masunta maganin ƙwari suka zuba a ruwa, kifi ya taso, suka kwashe.

Wa ya gani? Ba kowa. In an soya an barbaɗa yaji, wa zai sani? Ba kowa.

Kofur ya ɗauki shebur. Kun san soja da haƙa rami. Ya haƙa mai zurfi a bayan shago, ya juye kwando ukun, ya rufe, ya danne da duwatsu don ko kare kada ya tona. Sannan ya kwashe bandar da ke shagon kakaf, da buhun jatan landen, ya ɗora a kai ya nufi ƙofar Maigari. Ya cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Maigari ya ce, “Kofur, ina kifin?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, na binne shi. Da guba aka kama shi. Ga abin da nake da shi duka, a yi miya da shi.”

Maigari ya ce, “Wani ya ci ya mutu ne?”

“A'a, ranka ya daɗe.”

“To da me ka sani?”

“Ƙuda ya ƙi shi, ranka ya daɗe.”

Jama'a suka fashe da dariya. Shi Maigari bai yi dariya ba. Kada ku zage shi, ba mugu ba ne, mutum ne da aka kunyata a gaban surukansa, kuma kun san yadda wannan take da zafi. Ya ce, “Shekara ashirin kana cin arzikin garin nan, yau saboda ƙuda za ka tozarta ni? Wurin nan ni na ara maka. Kafin kasuwa ta sake ci, ka kwashe langa-langarka ka koma inda ka fito.”

Ina zai koma? Iyayensa sun rasu, danginsa sun watse, yarensu ma ya fara kuɓuce masa. Duk duniya ba shi da inda za a ce masa sannu da zuwa sai garin nan.

Ana cikin haka Inna Tabawa ta fito daga cikin mata tana dogara sanda. Ta tsufa tukuf a lokacin. Ta ce, “Ɗan nan, ba Maigari haƙuri. Ka ce kuskure ka yi, a wuce wurin.”

Ga hanya ta buɗe masa, jama'a. Kalma ɗaya, na yi kuskure, shi ke nan ya zauna. Kofur ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Inna, akwai maganar da na ɓoye miki shekara ashirin. Barau ba harsashi ne ya kashe shi ba. Ni ne kukun rundunarmu. Wata rana aka kawo naman gwangwani, na buɗe na ji ya canza. Na faɗa wa babbanmu, ya daka mini tsawa ya ce in dafa. Na ji tsoro, na yi shiru, na dafa. Da hannuna na zuba wa Barau, har na ƙara masa don abokina ne. Mutum uku suka mutu, har da shi. Tun ranar na yi wa Allah alkawari, hancina ba zai sake jin abu bakina ya yi shiru ba. Ba zan ce kuskure na yi ba, Inna. In kin tsine mini, kin yi daidai.”

Wurin ya yi tsit. Mahaifina ya ce har ƙarar man da ke kan wuta kana ji daga cikin gida.

Inna Tabawa ta tsaya, hawaye yana bin fuskarta. Ta juya ga Maigari ta ce, “Ranka ya daɗe, da a ce ranar nan an sami wanda ya binne naman can, da yau ɗana yana zaune cikin mutanen nan da furfurarsa. Na rasa ɗaya saboda an yi shiru. Ba zan rasa na biyu saboda ya yi magana ba. In za a kore shi, a haɗa da ni.” Ta ja sandarta ta bi hanyar kasuwa, ta je ta zauna a bakin shagon.

Wa zai ɗaga tsohuwa daga inda ta zauna? Da la'asar Maigari ya zo da kansa, ya tsaya a kan ramin, ya daɗe yana kallon duwatsun. Ya tuna jikan da aka raɗa wa suna, da an soya, uwarsa mai jego ita za a fara kai wa kifin nan. Ya ce, “Kofur, wurin nan ba aro ba ne kuma. Naka ne.”

Na ga wasunku suna jira in ce an ji labarin wani ƙauye sun ci irin kifin sun mutu, gaskiyar Kofur ta fito. Babu wannan a labarina. Ya binne shi duka, ba wanda ya ci, ba wanda ya yi ko ciwon ciki. Har ya bar duniya akwai masu cewa asarar banza ya yi. Shi bai damu ba.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana sayar da kifinsa, daron yau daban, na jiya daban. Ranar da ya rasu aka ce ina danginsa da za a jira? Liman ya waiwaya, ya ga kasuwa ta tashi, kowa ya rufe rumfarsa ya zo. Ya ce, “Ga su nan.” Aka sa shi kusa da Inna Tabawa.

To jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: wanda ya san cuta na cikin abu ya yi shiru, da shi aka yi cutar. Kai mai hatsin da ka zuba wa magani ka kai kasuwa kafin lokaci, ka sani. Ke mai abincin da kika ɗumama na shekaranjiya, kin sani. Kai magini da ka ga tsagar bango ka shafe da siminti, ka sani. Ba kowa ya gani ba, amma Wanda zai tambaye ka ya gani. Kuma wanda ya taɓa yin shirun a baya kada ya yanke ƙauna. Kofur ma ya yi, ya tuba, Allah ya ba shi uwa da gari a inda ba a haife shi ba. Baƙon da ke unguwarku kuma, ku daina tambayar daga ina ya zo, ku dubi abin da yake sa muku a kwano.

Allah ya jiƙan Kofur, ya jiƙan Barau da Inna Tabawa. Mu kuma, ranar da namu kwandon ya iso, Allah ya ba mu ƙarfin ɗaukar shebur. Ku ce amin.