Wuƙar Nomau Mai Ƙotar Ƙaho

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo mu ji ta. To, za ku ji ta, amma ta yau ba ta dariya ba ce, kada wani ya ce ban faɗa ba.

A wani gari bakin daji akwai wani maharbi, sunansa Nomau. Ba shi da kowa sai karensa Duna. Tare suke fita, tare suke dawowa, in an samu su ci, in ba a samu ba su kwana da yunwa tare. Yana da wata wuƙa da ya gada wurin ubansa, mummuna, ƙotarta itacen ƙirya, an naɗe ta da busasshiyar fata mai kaushi.

Ran nan Mesa ta cafke Duna a bakin rafi. Sai Nomau ya zaro wuƙar ya datse mata wutsiya. Ta saki karen ta gudu, amma wuƙar ta daki dutse ta karye.

Sai Mesa ta je wurin Dila ta ce, "Karen nan nake so, amma ina tsoron wuƙar da za a sake ƙera wa maigidansa."

Dila dama yana cike da Duna, don ya hana shi kajin gari. Ya ce, "Bar ni da shi. Wuƙa tun tana maƙera ake kashe ta."

Sai Dila ya rikiɗa ya zama bafatake, riga har ƙasa, ya je ya zauna a maƙerar tsoho Tunau. Can sai ga Nomau da karensa. Aka gaisa. Tunau ya ce, "Ɗana, wace iri kake so? Mai wuƙa shi ke faɗa, ni bugu ne nawa."

Nomau ya ce, "Baba, irin ta mahaifina."

Bafatake ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah. Babban maharbi kamarka da wuƙar yankan kuɓewa? A garuruwan da na bi, ƙotar ƙaho ake yi, a goge ta har mutum ya ga fuskarsa."

Nomau ya ce, "Baba, a yi ta ƙaho."

Duna ya matso ya ce, "Maigida, mutumin nan warin dawa yake yi."

Nomau ya ce, "Kwanta, Duna."

Aka sa ƙarfe a wuta. Bafatake ya ce, "Tsinin nan fa? Tsini ke huda kube, ya huda riga. Manya faffaɗan baki suke yi, mai lanƙwasa."

Nomau ya ce, "Baba, a daddale tsinin."

Duna ya ce, "Maigida, ƙafafunsa ba sa cika takalmi."

Nomau ya ce, "Na ce ka kwanta."

Aka kira baduku don ya ɗinka kube. Bafatake ya ce, "Wuƙa mai kyau haka ai sai ɓarayi. A matse kuben, a sa masa maɗauri uku."

Nomau ya ce a sa. Wannan karon sai Duna ya ɗora haɓarsa a ƙasa.

To, maƙeran garin suna da al'ada. Ba a ba maharbi wuƙa sai ya tsoma hannu cikin man shanu ya damƙi ƙotar ya fizge ta daga kube, don ran da za a nemi wuƙa hannu ba ya zama a bushe. Tunau ya miƙo ƙwaryar mai. Nomau ya dubi ƙotar tana ƙyalli, ya ce, "Haba Baba, in ɓata ta tun ba ta shiga gida ba?"

Tunau ya ce, "Ubanka ya tsoma."

Nomau ya ce, "Ubana bai riƙe irin wannan ba."

Tsohon ya ajiye ƙwaryar. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, da ma tsohon ya dage. Amma an ce mai abu da abinsa.

Nomau ya rataya wuƙa ya ratsa kasuwa, kowa na cewa ma sha Allah. Har mahauta suka taso kallo.

Da damina ta faɗi, suka shiga daji. Ruwa ya kama su a bakin rafin nan. Sai Mesa ta faɗo daga kan reshe ta naɗe Duna.

Duna ya ce, "Maigida, wuƙa."

Nomau ya kai hannu. Fata ta sha ruwa, maɗaurai sun ɗame. Ya kwance na ɗaya, Mesa ta ƙara naɗi. Ya kwance na biyu, ta ƙara. Na uku da haƙori ya tsinke shi. Ya fizgo wuƙar, ƙota ta sulluɓe daga jiƙaƙƙen hannunsa ta faɗa cikin laka. Ya lalubo ta, ya kama da hannu biyu ya caka wa Mesa, sai bakin ya zame a kan saɓarta, ko ƙwarzane babu. Ya sake, ya sake. Yana jin haƙarƙarin Duna na karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙyar ya samu dutse ya rotsa mata kai. Ta saki. Amma aikin gama ya gama.

Nomau ya ɗora kan Duna a cinyarsa yana kuka. Duna ya buɗe ido ya ce, "Maigida, kada ka yar da ita. Kowa ya ce tana da kyau." Daga nan sai ya cika.

Nomau ya duba, ba fartanya, ba gatari. Sai ya durƙusa ya fara haƙa rami da wuƙar. Faffaɗan bakin nan kuwa ya yi ta kwasar ƙasa kamar don haka aka ƙera shi. Aikin da ta taɓa yi masa ke nan, shi kaɗai.

Ku da kuke saurare, in za a ƙera muku abin da rai zai dogara da shi, ku zaɓa don ranar wuya, masu kallo ba sa bin mutum daji. Kuma in na gida ya ce ya ji wari, a tsaya a shinshina.

Ƙurunƙus. Kan kusun ma yau a bar shi, ba ni da bakin wasa.