Mai Ɗorawa da Jemagu

Akwai wani mutum mai itatuwan ɗorawa a gonarsa. Kowace shekara sukan yi 'ya'ya har rassa su sunkuya. Matarsa takan dafa kalwar, ta yi daddawa, wadda an ce ƙamshinta yakan sa matafiyi ya manta garin da ya nufa.

A bayan gidansa kuwa akwai wani babban durumi, inda jemagu suke kwana. Mutumin nan ya ƙi jininsu. Yakan ce, "Dubi waɗannan! Ba tsuntsu ba, ba ɓera ba. Kowace halitta tana zama kai a sama, su sai kai a ƙasa. Ga surutu, ga ƙazanta."

Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar su mana. Ai a nan ka same su."

Ya ce, "A nan na same su, amma ba a nan zan bar su ba."

Sai ya tara kara a gindin durumin, ya zuba busasshen barkono, ya cinna wuta. An ce ran nan har jakin maƙwabcinsa ya yi atishawa. Jemagu suka tashi, suka bar ƙasar. Mutumin ya yi barci mai daɗi, yana yabon hikimarsa.

Da rani ya yi, ɗorawa ta yi fure kamar kullum, jajaye, suna lilo. Amma furen ya bushe ya zube, 'ya'ya sai ɗai-ɗai. Tukunyar daddawa ta zauna a kife. Aka kawo masa tuwo, ya ɗanɗana miya, ya ɓata fuska.

Matar ta ce, "Ci mana, maigida. Ai yanzu gidan shiru, ba surutu."

Shekara ta kewayo, haka dai. Sai ya tafi wurin ƙanensa a wani ƙauye don ya roƙi kalwa. Ya isa da almuru, ya zauna hutawa a gindin wata ɗorawa mai fure. Can sai ya ji fuka-fuki. Ya ɗaga kai, ga jemagu sun rufe itacen. Kowanne yana cusa fuskarsa cikin fure, ya sha zaƙin, ya fito da baki duk garin fure, ya tashi ya kai wa wani itace. Daga wannan zuwa wancan, ba mai aikensu, ba mai gode musu.

Mutumin ya cire hularsa. Sa'an nan ya ce, "Ya Ubangiji, ashe ma'aikatana na kora! Ina barci, su suna yi mini noma."

Ya koma gida, ya kwashe tokar daga gindin durumi, ya zauna yana duban sama kowace yamma, ko za su dawo.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Babu halittar da Allah ya yi don ta zauna ita kaɗai. Ya ɗaura fure a bakin jemage, ya ɗaura jemage a tukunyar miya, da zaren da idonmu ba ya gani. Wa zai iya tunanin irin wannan, in ba shi ba?

Haka yake a cikin ikkilisiya. Akwai tsohuwar da takan ja waƙa bayan kowa ya gama. Akwai dattijon da addu'arsa ba ta ƙarewa sai tuwo ya huce. Kada ku juya, na san kun san su. Wataƙila addu'ar nan ce take riƙe da gidanka, kai kuwa ba ka sani ba. Kafin ka ce wane ba shi da amfani, ka tambayi wanda ya yi shi. Shi ya san aikin da ya ba shi, kuma bai nemi shawararka ba.